Ɗaurin Shekara Biyar: Wa Zai Ɗaure Gwamnati?

A ranar 5 ga Oktoban 2021, wajen bikin Ranar Malamai ta Duniya a Abuja, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, a zamanin ministancin Malam Adamu Adamu, ta yi shelar cewa za a riƙa ba ɗalibai masu karatun aikin koyarwa alawus: Naira dubu 75 a kowane zangon karatu ga masu neman digiri a fannin ilimi, da Naira dubu 50 ga masu neman takardar NCE. Jaridu suka buga adadin kuɗin da manyan baƙaƙe, aka yi ta murna a ɗakunan malamai. Sai dai akwai wani sharaɗi da ya biyo bayan kuɗin, wanda ba kowa ne ya tsaya ya karanta ba, wato duk wanda ya karɓi tallafin sai ya sa hannu a takardar alkawarin cewa zai yi wa jiharsa aiki na shekara biyar bayan ya kammala. A kan wannan sharaɗi muke son mu yi magana a wannan fitowa, domin a cikin alkawuran da aka yi a ranar shi ne wanda ba ya cin ko kwabo wajen aiwatarwa, kuma a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu zai faɗo.

Kowa a cikinmu ya san cewa Gwamnatin Tarayya ba ita ke ɗaukar malamin firamare ba, ba kuma ita ke biyan sa ba. Duk abin da aka yi shela a Abuja game da mu, sai jiha ta amince kafin ya iso ƙofar ajinmu. Mun ga haka a dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilun 2022, wadda ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki: wasu jihohi suka karɓa ba da daɗewa ba, wasu kuwa sai da aka yi ta safa da marwa. To, ta wannan hanya ɗaurin shekara biyar zai zo mana idan zai zo, a matsayin ƙudurin dokar jiha mai haɗa tallafin karatu da wajibcin yin aiki. Ƙuduri ne mai daɗin gabatarwa, domin yana da fuskar taimakon talaka, yana kuma da fuskar tattalin dukiyar jama'a, kuma da wuya a sami ɗan majalisar da zai miƙe ya ce ba ya so. Saboda haka ya kamata reshe ya san matsayarsa tun kafin a kira zaman jin ra'ayin jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da ba wa masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin ba shirme suke faɗa ba. Akwai makarantu a ƙauyukanmu da malami biyu ko uku ke riƙe da aji shida, hedimasta shi ne malamin lissafi, shi ne mai rajista, shi ne mai buga ƙararrawa. A lokaci guda kuma akwai makarantun cikin gari da malamai suka yi wa yawa har wasu ba su da darasi sai sau biyu a mako. Gaskiya ne kuma cewa da yawa daga masu shiga kwalejin ilimi ba son koyarwa ne ya kai su ba. Jami'a ce ba ta samu ba, suna riƙe da NCE ne a matsayin tsani, da zarar an buɗe ɗaukar aikin kwastan ko na shige da fice ko na ɗan sanda sai su ajiye alli. Idan gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta horar da mutum domin ya koyar, ba zalunci ba ne ta nemi ya koyar. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ba mu da ja a kan wannan.

Tsarin ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a farkon shekarun 1920, an kafa ta ne domin ta samar da malaman da za su koma lardunansu su koyar, kuma haka aka yi: Sardauna Ahmadu Bello ya koma Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma Midil ta Bauci. Malamanmu da suka yi kwalejojin horon malamai a zamanin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 sun sha ba mu labarin yadda ake ciyar da su, a ba su wurin kwana da littattafai da ɗan kuɗin kashewa. Amma akwai abin da kullum suke ƙarawa a ƙarshen labarin, wanda masu kawo misali da wancan zamani sukan tsallake: ɗalibi bai gama tattara akwatinsa ba ya san makarantar da aka tura shi, kuma ƙarshen wata albashinsa na zuwa. Igiyar ta ɗaure ɓangare biyu ne. Abin da muke tsoro a yau shi ne a ɗauko rabin tsarin, rabin da ke ɗaure yaro, a bar rabin da ke ɗaure hukuma.

Mu dubi lissafin, tunda aikinmu ne. Karatun NCE shekara uku ne, zango shida ke nan. Naira dubu 50 sau shida ta kama Naira dubu 300. Shekara biyar wata 60 ce. Idan aka raba, kowane wata na ɗaurin an saye shi a kan Naira dubu 5. A yau, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da abin da ya biyo baya na tsadar abinci da sufuri, Naira dubu 5 ba ta kai malami makarantar ƙauye ta dawo da shi na mako guda a kan babur. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira dubu 70 ne. Ke nan duk tallafin shekara ukun bai wuce albashin wata huɗu da 'yan kwanaki na ma'aikaci mafi ƙanƙanta ba. Ba muna raina kuɗin ba ne. Mun san gidajen da dubu 50 ke raba yarinya da barin makaranta. Abin da muke cewa shi ne ma'aunin bai daidaita ba, kuma duk dokar da ta rubuta adadin shekaru da tawada mai ƙarfi, ta bar adadin kuɗi ga "abin da gwamnati ta ga ya dace", ta riga ta nuna wanda aka yi ta dominsa. Ga shi kuma tun 2024 akwai asusun bashin karatu na tarayya, mai ba da rance marar ruwa har da Naira dubu 20 ta kashewa a wata, ba tare da ya ce ga inda za ka yi aiki ba. Yaro mai wayo zai auna biyun.

Sai babbar magana, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Ana tsara wannan ɗauri ne kamar dai matsalarmu ita ce masu NCE suna gudun aikin koyarwa. A unguwanninmu kuwa abin da muke gani akasin haka ne: aikin ne yake gudun su. Babu ɗayanmu da bai san matashi ko matashiya da ta kammala kwalejin ilimi shekara huɗu, biyar, har fiye, tana jiran a buɗe ɗaukar malamai ba. Wasunsu suna tare da mu a makarantu a matsayin 'yan sa-kai, ƙungiyar iyaye da malamai na ɗan haɗa musu kuɗin sabulu. Wasu suna makarantun kuɗi a kan albashin da mutum zai ji kunyar faɗa. Wasu sun koma tuƙa Keke Napep ko sayar da katin waya. Malamai na ritaya, malamai na rasuwa, kujerunsu na nan babu kowa shekara da shekaru. Ta yaya jihar da ba ta ɗauki waɗanda ke roƙon a ɗauke su ba za ta ɗaure wasu sababbi cewa dole su yi mata aiki?

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada an gani. A 2008 aka fara wani shiri na ba 'yan matan karkara tallafin karatun NCE a jihohin Bauci da Katsina da Neja da Sakkwato, da haɗin gwiwar gwamnatocin jihohin da UNICEF da tallafin ƙasar Birtaniya, bisa sharaɗin kowace za ta koma ta koyar a makarantar karkara na shekara biyu. Manufar mai kyau ce ƙwarai, domin iyaye sun fi sakin 'ya'yansu mata su je makarantar da ke da malama. Amma bitar da aka yi wa shirin ta nuna alawus na makara, ta kuma nuna cewa daga cikin waɗanda suka kammala akwai da dama da suka zauna a gida suna jiran a tura su aiki. Su sun cika nasu alkawarin, sun yi karatun, sun shirya komawa ƙauye. Takardar ɗaukar aiki ce ba ta zo ba. Idan haka ta faru a shirin da ke da idon ƙungiyoyin duniya a kansa, kuma na shekara biyu kacal, me za mu zata daga na shekara biyar wanda babu mai sa masa ido sai ma'aikatar da ta rubuta shi?

Ko an ɗauki yaron ma, da sauran rina a kaba, domin sai an tambayi wa zai biya shi. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, ya bi ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Manyanmu ba su manta abin da ya faru ba a 1991 lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa malamai ga ƙananan hukumomi: watanni suka yi ta wucewa babu albashi, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe wannan tambaya, kuma har yanzu ba a rufe ta ba. A Abuja kanta, gaban idon kowa, 'yan uwanmu malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan sabon mafi ƙarancin albashi da sauran haƙƙoƙinsu. Malamin da ba a ɗaure ba, idan wuya ta yi wuya, yana iya ajiye aiki ya nemi wata hanyar ciyar da iyalinsa. Wanda aka ɗaure kuwa, idan ya tafi an ce ya karya alkawari, idan ya zauna yunwa ta ci shi. Mu 'yan ƙungiya kada mu manta da wani abu ma: ma'aikacin da ke ɗauke da irin wannan takarda a wuyansa shi ne na farkon da za a iya tsoratarwa ranar da aka kira yajin aiki.

Za a tuna cewa a watan Afrilun 2023 Majalisar Wakilai ta yi wa wani ƙuduri na Honarabul Ganiyu Johnson na Legas karatu na biyu, ƙudurin da ya nemi a hana likitocin da aka horar a Nijeriya cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a gida. Ƙungiyoyin likitoci suka tashi tsaye, suka ce a gyara albashi da asibitoci a ga ko wani zai gudu, kuma majalisar ta kammala wa'adinta ƙudurin bai zama doka ba. Likitoci suna da murya, suna da inda za su je, shi ya sa aka saurare su. Ɗalibin kwalejin ilimi kuwa galibi ɗan manomi ne, ko ɗan malami, ko 'yar mai sayar da ƙosai. Za a ce ai ba dole aka yi masa ba, da hannunsa ya sa hannu, don haka sashe na 34 na tsarin mulki mai haramta aikin tilas bai shigo ba. A shari'ance wataƙila haka ne. Amma mun san yadda yardar mai shekara goma sha takwas take idan an ajiye masa takarda a gefe guda da kuɗin rajista a ɗaya gefen. Ɗan mai hali ba zai karɓi tallafin ba, don haka ba zai ɗauru ba. Dokar, ko ba a rubuta haka ba, ta 'ya'yan talakawa ce kaɗai.

Akwai wani gefen da ya shafi aljihun membobinmu kai tsaye, kuma muna roƙon iyalanmu su karanta wannan sakin layi sau biyu. Irin wannan takarda ba ta cika sai da mai tsayawa, kuma wanda aka saba nema shi ne ma'aikacin gwamnati, saboda albashinsa na hannun gwamnati. A ƙauye da unguwa, wane ma'aikacin gwamnati ne ya fi kusa da talaka? Malamin makaranta. Mu za a zo wa da takardar da daddare, ɗan maƙwabci ko 'yar ƙanwa, a ce Malam a taimaka a sa hannu, kuma ba za mu iya cewa a'a ba. Bayan shekara shida, idan yaron ya gaji da jira ya tafi Legas ko Fatakwal neman abinci, daga albashin wa za a fara cira? Daga na malamin da ƙarin girmansa ya makale, ko daga giratutin da ya jira shekara talatin da biyar.

Batun inda za a tura mutum shi ma ba ƙarami ba ne. Tun daga Ƙanƙara a Disambar 2020 zuwa Jangebe a Fabrairun 2021 har Kuriga a Maris na 2024, an nuna mana cewa makarantar karkara a wasu yankunan ba wurin da za a tura mutum da takarda kawai ba ne. Dokar da za ta ce wa matashi ya je inda sojoji ke shiga da shiri, in ya ƙi a ci shi tara, ba ta san ƙasar da take ciki ba. Haka kuma yawancin 'yan matan da za su amfana da tallafin za su yi aure a cikin waɗannan shekaru takwas na karatu da ɗauri. Idan miji yana wata ƙaramar hukuma ko wata jiha, sai ta zaɓi tsakanin aurenta da bashin gwamnati? Sannan mun san yadda canjin wurin aiki yake tafiya. Mai uwa a gindin murhu ba ya wata uku a ƙauye sai takardarsa ta fito. Idan doka ba ta toshe wannan ƙofa ba, ɗaurin zai riƙe marasa gata ne kawai, su yi shekara biyar suna ƙirga kwanaki, kuma yara sukan gane malamin da zuciyarsa ba ta ajin.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne cewa jihohi su ma suna ƙarƙashin irin wannan tsari na kuɗi da sharaɗi, kuma ba kullum suke cikawa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin Naira na kwance a asusu saboda wasu jihohi sun kasa kawo nasu kason. Ba mu taɓa jin an cire wa wani kwamishina ko kwabo daga albashinsa a kan haka ba. Yaran da ke zaune a ƙasa ne suke biya. Don haka muna gargaɗi tun yanzu kada a faɗaɗa wannan tunani zuwa makarantu, a ce za a riƙe kuɗin gyara ko kayan aikin makarantar da malamanta ba su cika wani sharaɗi ba. Wanda ya yi fashin aiki a hukunta shi da sunansa, akwai dokokin aikin gwamnati domin haka, kuma ƙungiya ba ta taɓa cewa a bar mai cin albashi ba ya shiga aji ba.

Idan ƙudurin ya zo, matsayar da muke ba reshe shawarar ya ɗauka ita ce ta yarda bisa gyara, ba ta ƙi gaba ɗaya ba. Gyara na farko, wanda idan babu shi sauran ba su da amfani, shi ne dokar ta wajabta wa gwamnati ba wanda ya kammala takardar aiki ta dindindin mai fansho cikin ƙayyadadden lokaci, mu a ganinmu wata shida, in kuwa lokacin ya wuce to alkawarin ya warware da kansa, babu bashi a kan kowa. Shekarun ɗauri kada su wuce shekarun da aka ɗauki nauyi, shekara da shekara, kuma zangon da ba a biya alawus ba kada a ƙirga shi. Wanda ya so tafiya kafin lokaci ya mayar da abin da ya shiga hannunsa a zahiri, a rage masa gwargwadon aikin da ya riga ya yi, ba tare da ninki ba, kuma ba tare da an riƙe masa takardar shaidarsa ba, domin takardar guminsa ce. Idan albashi ya tsaya wata uku a jere, ɗaurin ma ya tsaya. A cire albashi da giratutin mai tsayawa daga abin da za a iya taɓawa. A kuma kafa kwamitin sauraron koke wanda ƙungiya ke da kujera a cikinsa, ya duba batun tsaro da rashin lafiya da aure.

Sai kuma mu da muka riga muka shiga aji. A Ranar Malamai ta 2020 an yi mana alkawarin tsarin albashi na musamman, da alawus ɗin aiki a karkara, da gidaje masu sauƙin kuɗi ga malaman ƙauye. Kowannenmu ya duba takardar albashinsa ya ga nawa ne daga ciki ya iso. Akwai malamai a wannan reshe da suka yi shekara goma sha biyar, ashirin, a makarantun da mota ba ta zuwa da damina, ba tare da wata takarda ta ɗaure su ba. Da an biya su alawus ɗin da aka ambata, an gina musu ɗaki biyu kusa da makaranta, an ba su fifiko wajen ƙarin girma da ƙaro karatu, da matasa da kansu za su riƙa neman a tura su can. Muna so ƙudurin da zai yi maganar sababbin malamai ya yi maganar waɗannan a sashe guda, da adadi a rubuce da kuma layinsa a kasafin kuɗi.

Kafin nan akwai aikin da ke kanmu. Ranar jin ra'ayin jama'a ba a sauraron wanda ya zo da ƙorafi kawai, sai wanda ya zo da takarda. Muna roƙon wakilin kowace makaranta ya rubuto wa sakatariyar reshe yawan malaman da ke kan albashi, da yawan 'yan sa-kai da takardun da suke riƙe da su, da yawan waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu cikin shekara biyar da ta wuce ba a maye gurbinsu ba. Membobin da ke da ɗa ko 'ya a kwalejin ilimi su ma su sanar da mu ko sun taɓa karɓar wani alawus, da kuma sau nawa. Duk wanda aka kawo wa takardar tsayawa ga wani ɗalibi, daga kowace hukuma ta fito, ya kawo ta ofis a karanta tare kafin ya sa hannu. Za a tattara bayanan a gabatar da su a babban taron reshe mai zuwa, daga nan a miƙa wa shugabannin ƙungiya na jiha.